LTO-6 na hannu ko LTO-8: wanne ya dace da ajiyar bidiyo TB 40?

Mai_Tace_Bidiyo:
Assalamu alaikum. Akwai ɗanyen bidiyo kusan TB 40 a warwatse cikin faya-fayan ajiya, ana so a mayar da shi kan kaset na LTO (kaset ɗin maganaɗisu na adana bayanan kwamfuta) don ajiya ta shekaru. An yi mini tayin injin LTO-6 na hannu da araha, mai sayarwa ya ce kowane kaset yana cin TB 6.25. Haka ne? Kuma in an sayi LTO-8 nan gaba, zai karanta abin da aka rubuta? Kwamfutar Linux ce.

Baba_Injiniya:
Wa alaikumus salam. Wannan 6.25 lambar kan kwali ce, lissafi ne na in bayanan sun matsu ninki biyu da rabi. Bidiyo kuwa tun daga kyamara a matse yake fitowa, babu sauran abin matsewa. Ainihin cikin LTO-6 TB 2.5 ne. Ke nan kaset 16 za ka buƙata, kwafi biyu kuma 32. LTO-8 yana ɗaukar TB 12, huɗu sun ishe ka, takwas da kwafi na biyu.

Tambayarka ta biyu ita ce mai nauyi, amsarta kuma a'a. Daga farko har zuwa LTO-7 na 2015, kowane inji yana karanta zubi biyu na bayansa, ya kuma rubuta a kan ɗaya. LTO-8 da ya fito a 2017 ya karya wannan ƙa'ida: LTO-7 da LTO-8 kaɗai ya sani. LTO-9 na 2021 shi ma daga 8 ya tsaya. Masu ƙera kaset suna cewa zai kai shekara 30 in an adana shi da kyau, amma ina za ka samu lafiyayyen injin da zai karanta LTO-6 a lokacin? A ganina, arahar nan ba ta kai a biye mata ba. In kuma dole sai na hannun, kada ka biya sai an gwada shi a gabanka da manhajar gwaji ta kamfaninsa, wato ITDT in na IBM ne, ko Library and Tape Tools in na HPE ne, a cika kaset guda a sake karanto shi. Kan injin, wato ɓangaren da ke karatu da rubutu a kaset, yana cinyewa, kuma ba a gane haka da ido.

Hajiya_Sabar:
Baba ya gama maganar zaɓi, bari in ƙara ta haɗawa. Yawancin injinan nan da mahaɗin da ake kira SAS suke aiki, don haka sai ka sa katin HBA a kwamfutar, wato katin da ke ba ta wannan mahaɗin. Katin RAID (mai haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar ɗaya) sau da yawa ba ya nuna injin kaset sam.

Abin da ya fi kashe kaset da inji shi ne yunwa. LTO-8 yana gudu da MB 300 zuwa 360 a daƙiƙa, wajen awa 9 zuwa 11 ke nan kafin ya cika kaset. Yana iya rage gudu ya jira ka, amma da iyaka. In faifan da kake kwasowa daga ciki ya kasa ciyar da shi, sai ya tsaya, ya ja baya, ya sake tashi, kamar mai goge takalmi. Za ka ji ƙarar tana hawa tana sauka. Don haka kada ka rubuta kai tsaye daga faifan USB. Tara fayilolin kan SSD ko RAID tukuna, ka sa mbuffer, manhajar da ke tara bayanai kafin ta miƙa wa injin, a tsakani.

In tar, manhajar Linux ta rubuta fayiloli kan kaset, za ka yi amfani da shi, ka lura da sunan na'urar. /dev/st0 yana mayar da kaset farko duk lokacin da aka gama, rubutu na biyu sai ya hau kan na farko ya shafe shi. /dev/nst0 ba ya komawa. Ka ba tar -b 512, wato KiB 256 a kowane gungu, ka kuma rubuta lambar a jikin kwalin, don da ita za a karanta. Kafin ka fara, fitar da sha256sum na kowane fayil, wato lambar tantancewa da ke canzawa in fayil ya lalace. Bayan an gama, karanto kaset ɗin kaf ka gwada. Sai sun yi daidai ake taɓa faifan asali.

Mai_Tace_Bidiyo:
Na gode Baba, na gode Hajiya. To tsarin rubutu kan kaset da ake kira LTFS fa? An ce da shi kaset yana buɗewa kamar filas.

Ɗan_Sabon_Gari:
Haka ne Malam, tun LTO-5 yake, kuma ga manyan fayilolin bidiyo ni shi na fi so a kan tar, in Hajiya za ta yi mini afuwa, saboda ana karanta shi a Windows da Mac da Linux. Sai dai kamannin filas ɗin ya tsaya a ido. In ka goge fayil, wurinsa ba ya dawowa sai an sake tsara kaset ɗin gaba ɗaya. Kada kuma ka buɗe shi a tagar da ke nuna ƙananan hotunan bidiyo, za ta yi ta kai injin gaba da baya. Kwafa da rsync ko cp, fayil ɗaya bayan ɗaya.

Ajiya ta dogon lokaci tana son sanyi digiri 16 zuwa 25 da danshi kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari. Ɗakin da ba AC a Kano ko Maraɗi a watan Afrilu ya wuce haka nesa, ga ƙurar hunturu. Kowane kaset ya zauna cikin kwalinsa a tsaye, kwafi na biyu a wani gini daban. In an kawo shi daga wuri mai zafi, a bar shi awa 24 a ɗakin injin kafin a saka. A sa UPS, wato batirin ko-ta-kwana, don ɗauke wuta tsakiyar rubutu yana iya barin jadawalin LTFS a rikice, sai an bi shi da manhajar gyara ta ltfsck. Kaset na gogewa yana yin sau 50, kuma ba a saka shi sai injin ya nema da kansa. Maganaɗisun shafe kaset na gidan rediyo kuwa kada ya kusanci LTO: yana share layukan da aka zana tun daga masana'anta waɗanda kan injin ke bi, kaset ɗin kuma ya tashi aiki ke nan.