Abin da ke ƙarƙashin madannin kilabiye: mu kira shi kunama

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Kalma ɗaya nake so mu daidaita a kanta, masu gyaran kwamfuta da malaman Hausa na Damagaram baki ɗaya. Kowane madanni na allon rubutun kwamfuta, wanda mu nan muke ce wa kilabiye, yana da wani ɗan inji a ƙarƙashinsa. Shi ke karɓar nauyin yatsa, shi ke sanar da kwamfuta an danna, shi kuma ke mayar da madannin sama. Masu Ingilishi suwic suke ce masa. Mu har yanzu ba mu raɗa masa suna ba. Ni dai kunama na tsayar, irin ta kunamar bindiga, kuma zan kawo dalilina. Wasu daga cikinku sun riga sun kawo nasu sunayen, wasu kuma sun ƙi nawa, zan amsa musu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya tayar da zancen shi ne hoton da wani ƙanenmu mai gyara a wajen Kasuwar Dole ya turo. Tsohon kilabiye ne da ya samu cikin kayan ofis da aka yi gwanjonsu. Ya ce nauyinsa ya kai kilo 2, tsarin haruffansa AZERTY irin na Faransanci, madannai 102, ga tambarin IBM a kusurwar hagu ta sama. Wayarsa murɗaɗɗiya ce, ana cire ta daga jikin allon, kanta kuma zagaye ne mai ƴan allurai 6. Da ya kifa shi, sai ga takarda manne a baya, an buga lamba 1391402 da shekarar 1989. Tambayarsa ita ce: "Yaya, wane iri ne wannan, kuma yana da daraja ko in cire wayar in jefar da sauran?"

Kada ka jefar, ƙanena. IBM Model M ke hannunka. An fara fitar da shi a tsakiyar shekarun 1980, kuma lambar da ka karanta ta samfurin Faransanci ce, kamar yadda 1391401 take ta Amurka, 1391403 ta Jamus. Na ƙasashen Turai galibi a masana'antar IBM ta Greenock a Birtaniya aka ƙera su. Kan wayar nan mai allurai 6 shi ne PS/2, wanda ya fito a 1987. Nauyin da ka ji kuwa farantin ƙarfe ne lanƙwasasshe a ciki.

Amma sunan da lambar ba su gama magana ba. A shekarun 1990, bayan da kamfanin Lexmark ya karɓi ƙirar daga IBM a 1991, an fitar da wasu masu wannan siffar sak, alhali roba ce a ƙarƙashin madannansu. Saboda haka mai gyara na gaskiya sai ya cire madanni ya leƙa. To a nan ne Hausarmu ta tsaya cak, kowa ya koma Faransanci ko Ingilishi.

Ga abin da ya gani da ya cire harafin G. Madannin kansa kashi biyu ne, akwai hula ta sama mai ɗauke da harafi, akwai gindi da take zaune a kai. Da gindin ya fita, sai ga ɗan bututu, a tsakiyarsa siririn sifirin na tsaye shi kaɗai yana rawa. In ka danna madanni, sifirin yana matsewa, yana ƙara turjiya, har ya kai wani wuri da ba zai iya jurewa ba, sai ya tanƙware gefe farat ɗaya. Tanƙwarewar nan abu biyu take yi lokaci guda. Cikin sifirin ya bugi bangon bututu, shi ne ƙarar "ƙyas" da ake ji har daga ɗaki na gaba. Ƙasansa kuma ya juya wata ƴar guduma ta roba mai tauri, ta bugi siraran ledoji masu hanyoyin lantarki, hanya ta haɗu, harafi ya fito. Nauyin da ake bukata kafin haka ta faru ya kai wajen giram 65 zuwa 70. Wani injiniyan IBM mai suna Richard Hunter Harris ne ya ƙago dabarar, aka ba da takardar mallakarta a 1978. Kyawunta shi ne yatsa da kunne da kwamfuta duk lokaci ɗaya suke samun labari, shi ya sa masu buga takardu da suka saba da shi ba sa son rabuwa da shi.

Yanzu a duba yadda kunamar bindiga take. Ka ɗora yatsa, ta yi turjiya, ka ƙara ƙarfi, ta kai iyakarta ta saki, aiki ya faru, ka ɗage yatsa ta koma mazauninta tana jiran wani jan. Ko ɗaya daga cikin matakan nan bai ɓace ba a abin da na bayyana a sama. Kalmar kuma tamu ce tun kaka da kakanni, maharbi ya san ta, soja ya san ta, yaro ma ya san ta.

Malam, na ga shawararka ta makunni, kuma Allah ya ƙara sani, domin ita ce fassarar da ta fi kusa da suwic in ana maganar fitila ko fanka. Abin da ya hana ni bin ka biyu ne. Makunni in ka taɓa shi yana zama inda ka bar shi, wuta na ci har sai ka dawo ka kashe. Wannan kuwa ba ya zama, ƙiftawar ido yake haɗa hanya ya saki. Na biyu, kwamfuta tana da makunninta na gaske. In yaron shago ya ce wa maigidansa makunni ya lalace, maigida wajen kunna injin zai nufa, ba harafin E ba.

Maɓalli kuma, da Hajiya ta kawo, ya riga ya yi wa kansa aiki da yawa: na riga, na waya, har wanda ake taɓawa a fuskar allo. Kuma duk abin da ake kira maɓalli a waje yake, ido na ganinsa. Namu a ɓoye yake sai an cire hula.

Wani ɗan'uwa daga Kano ya ce mu bar shi suwic kawai, tunda mun karɓi kwamfuta da intanet ba mu mutu ba. Ba na ƙin aro, kilabiye ma ai aro ne. Sai dai a nan Zinder yawancin masu gyara da Faransanci suka koyi aikin, kuma a bakin masu haɗa intanet na ofisoshi suwic wani akwati ne daban mai ramukan waya. Aron da zai zo ya tarar da mai sunansa a gida, rikici zai kawo.

Abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa shi ne kalmar tana karɓar siffa ba tare da wahala ba, har mutum ya iya rarrabe tsofaffin alluna da Hausa zalla. Ta IBM ɗin nan, kunama mai tanƙwara. In ka cire hula ka ga ɗan kai mai siffar alamar tarawa ta lissafi, Cherry MX ce, ƙirar Jamus tun 1983, kuma launin kan ke faɗin halinta: baƙa tana sauka sumul ba tangarɗa, shuɗiya tana ƙara, mai ruwan ƙasa tana da ɗan tudu da yatsa ke ji amma ba ta da ƙara. Sai mu ce kunama mai santsi, kunama mai ƙara, kunama mai tudu. In kuma kan mai kusurwa huɗu ne, dogo, da rami a tsakiya inda ƙafar hula ke shiga, wannan Alps ce ta Japan, wadda ake samu a alluna irin su Apple Extended Keyboard na 1987 da Dell AT101.

Bari in ɗan tsaya a kan Alps, saboda garinmu. Ita ba ta shiri da ƙura ko kaɗan. Allon da ya sha hunturu a buɗe shekara da shekaru, za ka ji madannansa na kartar yatsa kamar da yashi a ciki, kuma yashin ne. Sai an buɗe kowace kunama an share. Mai tanƙwara ta fi haƙuri nesa ba kusa ba. Ciwonta daban ne: ƴan ƙusoshin roba da suka riƙe farantin ƙarfe suna karyewa in sun tsufa. In ka girgiza allon ka ji abu na kwaramniya a ciki, su ne, kuma in sun zube da yawa wasu madannai za su daina amsawa sai an maye gurbinsu da ƙananan kusoshi masu noti.

Saura masu roba, waɗanda su ne kusan duk abin da ake sayarwa sabo a kasuwa yau. In ka cire madanni za ka ga ɗan ƙoƙon roba a kife, yana lotsawa in an danna. Wani malamin lakwal ya ce a kira shi tuluwar roba, don siffarsa ɗaya da tuluwar soro irin ta tsofaffin gidajen unguwar Birni ta Zinder. Na karɓa hannu bibbiyu. Ko ita ma kunama ce? A ganina e, tunda tana turjiya, ta saki, ta dawo, sai dai raunanniya ce, kuma ba ta aiki sai an danna ta har ƙasa.

Baba, maganarka ita ce ta fi nauyi a duk waɗanda suka ƙi. Ka ce a garin da ake kakkaɓe takalmi da safe, in aka ce akwai kunama cikin kilabiye mutum wurgi zai yi da shi. Gaskiya ne, kuma a shagon gyara ana samun ta gasken a bayan tsofaffin kaya. Amma ba wanda ya taɓa jin "ya ja kunamar bindiga" ya nemi maganin harbi. Abin da aka jingina kalmar da shi ke tsare ta. Don haka a rubuce mu riƙa cika ta, kunamar madanni, jam'i kunamun madannai, har kunne ya saba.

Kai kuma ƙanena, abu uku kafin ka taɓa shi. Kusoshin bayansa masu kai mai kusurwa shida ne, sai siririyar soket mai milimita 5.5, kada ka tilasta musu da filaya. In za ka mayar da madanni, ɗaga gaban allon har sifirin ya kwanta daidai a bututu, sannan ka danna. In ba ka ji ƙyas ba, bai zauna ba, cire ka sake, kada ka matsa ka lanƙwasa shi. Wajen haɗa shi da kwamfutar yanzu kuma, ɗan ƙaramin kan nan mai sauya PS/2 zuwa USB wanda babu komai a cikinsa ba zai yi ba, ka nemi mai ɗauke da nasa ɗan injin fassara. In wata kunama ta mutu, kamfanin Unicomp a Lexington ta Amurka yana ƙera irinta tun 1996, kuma sifirin da gudumarsa suna shiga na 1989 daidai.