Tsofaffin gidajen katako na Jamus da masu komawa neman tushensu

Mai tambaya, daga Mabera:
Assalamu alaikum. Na ji cewa Amurkawa masu asali da Jamus sukan ziyarci ƙauyukan kakanninsu, har su tarar da gidan da kakan ya bari yana nan tsaye. Ta yaya gidan katako da laka yake kai shekara ɗari uku, kuma yaya baƙon da bai jin harshen garin yake gane nasu?

Wani magini, daga Runjin Sambo:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Katakon ne yake ɗaukar nauyin gidan, ba lakar ba. Ana sassaƙe manyan itatuwa masu tauri, a cusa bakin wani cikin ramin wani, a danne da turakun icce maimakon ƙusa, sannan a saƙa tsumagu a tsakani a yaɓe su da laka mai haɗe da ciyawa. Babban abokin gabarsu danshi ne, shi ya sa suke ɗora ginin bisa harsashin dutse. Idan yaɓen ya zube sai a sabunta shi, yadda muke yi wa soron azara kafin damina. Garin Quedlinburg na Jamus kaɗai yana da irin waɗannan gidaje fiye da 1,000, kuma UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1994.

Wata malamar tarihi, daga Gawon Nama:
Baba ya gama bayanin gini, saura batun gane gida. Jamusawa kusan miliyan 5 suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, saboda ƙarancin gona, da lalacewar dankali, da rikicin siyasa na 1848. Jikokinsu sukan fara bincike daga littattafan coci, inda aka rubuta wankan baftisma da aure da mutuwa, wasu kuma su je gidan tarihin masu ƙaura da aka buɗe a Bremerhaven, wani birnin bakin teku a Jamus, a 2005. A yankuna da dama an sassaƙa sunan maigida da na matarsa da shekarar gini a jikin katakon saman ƙofa, don haka mai ziyara yakan karanta sunan danginsa da idonsa.

Mai tambaya:
Na gode, Baba da Malama. Ya kamata mu ma mu ɗauki hoton tsofaffin zaurukanmu na Sakkwato, mu rubuta sunayen waɗanda suka gina su tun dattawan da suka san tarihin suna raye, domin ana ta rushe su ana gina na siminti.