Keke a gwanjon eBay na Faransa: ta yaya zai iso Maraɗi, kuma nawa zai ci?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum. Na ga wani keken hawan tudu ɗan hannu a gwanjon eBay na Faransa, firam ɗin alminiyam, giya 27, birkin faranti. Yanzu yana kan yuro 120, saura kwana huɗu a rufe. Mai shi ya rubuta cewa a cikin Faransa kawai yake aikawa. Ina da ƙane a can da zai iya karɓa. Abin da na ware duka jikka 300 ne, wato sefa 300.000. Don Allah masu sani, nawa ya kamata in taya, ta wace hanya zai zo, kuma me duwan (kwastan) za su karɓa?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka fara da tambayar nawa za ka taya. Fara daga ƙofar gidanka ka yi lissafi baya-baya har ka kai wurin gwanjon, abin da ya rage shi ne tayinka.

Yuro 1 sefa 656 ne, kuma a ɗaure yake, ba ya hawa ba ya sauka, sai dai ɗan abin da bankinka zai cire na kati. Duwan ba kuɗin keken kaɗai suke dubawa ba. Suna haɗa kuɗin saye da kuɗin ɗauko da inshora, a kan wannan jimlar suke aza haraji. Keken da aka riga aka haɗa yana cikin kayan amfanin yau da kullum, masu biyan kashi 20 cikin 100. Sai kashi 1 na ƙididdiga. Sai TVA, wato harajin saye, kashi 19, wadda ake ɗorawa a kan jimlar da harajin da aka riga aka sa, ba a kan kuɗin farko ba. Akwai wasu ƴan ƙananan kaso kuma na ƙungiyoyin yanki, kowanne bai wuce kashi 1 ba.

Mu ɗauka ka ci gwanjon a yuro 200, jirgin sama ya ɗauko shi a yuro 250. Jimla 450, wato jikka 295. Kashi 20 jikka 59 ne, kashi 1 jikka 3, TVA wajen jikka 68. Haraji kaɗai ya tashi jikka 130, keken ya zama jikka 425 yana Yamai, ba a biya tiranzite (mai fitar maka da kaya daga duwan) ba, ba a biya ajiyar sito ba, ba a sa shi a bas ya yi tafiyar kilomita sama da 600 zuwa Maraɗi ba. Ka ga har kuɗin jirgin sai ka biya masa haraji.

To juya shi. Tunda haraji yana ƙara wajen kashi 45 cikin 100, jikka 300 ɗinka ka raba da 1,45, ka samu jikka 207, wato yuro 315 ke nan na keke da ɗauko a haɗe. In jirgin sama ya ci 250, saura 65. Keken da ka gani ya riga ya wuce nan. Don haka da wannan kuɗin hanya biyu ce ta rage maka: kwantena ta haɗaka, ko matafiyi ya riƙo shi cikin kayansa.

Dalilin tsadar jirgi girman kwalin ne, nauyin keken bai kai ya kawo ba. Kamfanonin aike na gaggawa suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita su raba da 5000. Kwalin keke na yau da kullum wajen 140 ne da 20 da 80, ya ba ka kilo 45 a takarda, alhali a sikeli da ƙyar ya kai 18. Wanda ya fi yawa a cikin biyun suke caji. Masu kago na filin jirgi da 6000 suke rabawa, ya sauko 37. In an cire ƙafafun biyu aka matse kwalin ya koma 130 da 20 da 70, wajen kilo 8 ya tafi. Gidan waya kuwa kada ka ɓata lokaci, kwalin ya wuce girman da suke karɓa.

A kwantena da mita-kubik ake biya, kuma wannan kwalin bai kai rubu'in mita-kubik ba. Sai dai haƙuri. Tun da aka rufe gadar Gaya da Malanbil, ta iyakar Nijar da Benin, a 2023, yawancin kayan teku suka koma tashar Lome su ratso Burkina, kuma ayarin manyan motoci jiran rakiya yake. Ka sa a ranka watanni ne. Kafin ƙanenka ya miƙa keken ga mai haɗa kwantena, ya tambaye shi abu ɗaya a rubuce: farashin nan har da duwan ne, ko a bakin sito ya tsaya? Rigimar da ake yi da masu haɗaka kusan duk a nan take farawa.

Bakaniken Mokoyo:

Ɗan'uwa, lissafin Malam ya yi. Ni tambayata, in ya iso ya lalace, wa zai gyara, da wane kaya?

Fara da taya. Ka sa mai keken ya ɗauko maka hoton lambar da ke gefen tayar, irin 54-559 ko 37-622. Lambar ƙarshe ita ce faɗin da'irar wili a milimita, kuma ita kaɗai ce ba ta ƙarya. 559 ita ce inci 26 ta kekunan tudu, ita ce ta fi sauƙin samu a nan, taya da tub duka. 622 ita ake cewa 700 ko 29. 584 ita ce 27,5, kuma wannan ce ke wahalar da mutane, don sababbin kekunan Turai da yawa ita suke ɗauke da ita. Kada inci ya ruɗe ka: 26 ɗin da ke kan kekunan Japan masu kwando 590 ce, ba ta shiga wilin 559. Haka 28 ta tsohon Raleigh da Phoenix 635 ce, ba 622 ba. In keken 584 ne, ko ka bar shi, ko ka sa taya biyu da tub huɗu cikin kwalin. Kwalin dai an riga an biya masa kilo 45, cika shi kyauta ne ta fuskar jirgi.

Bakin tub ma ka duba. Siririn nan mai ɗan murfin da ake warwarewa, famfon mai faci ba ya kama shi sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Ka sa a sayo biyu ko uku, ba su da tsada. Da tsidau da ƙarangiyar da ke hanyoyinmu, kana wurin mai faci kusan kowane mako.

Birkin faranti iri biyu ne, na waya da na mai. Na waya kowa yana gyarawa. Na mai ya fi kamawa, amma in iska ta shige shi sai da sirinji da man da ya dace. Na kamfanin Shimano man ma'adini yake sha, na kamfanin SRAM da yawa man DOT suke sha, irin na mota. In aka zuba man birkin mota a Shimano, robobin ciki su kumbura, birkin ya mutu gaba ɗaya. Kuskuren da aka fi yi ke nan a garejin babura. Ka sa a haɗo maka takalmin birki guda biyu na daidai samfurin, don siffarsu ta bambanta ƙwarai.

Giya 27 na nufin uku a gaba tara a baya. Ba laifi. Da 7 ko 8 ne a baya da ya fi, don sarƙarsu ta fi kauri, ta fi jure yashi, kuma ana samunta. Daga 10 zuwa sama sarƙar siririya ce, yashin Maraɗi da bakin mai su cinye ta da wuri. Ka tambayi mai keken ko ya auna sarƙar. In ta miƙe da kashi 0,75 cikin 100 ta ƙare, kuma in an daɗe ana hawa a haka ta cinye haƙoran baya, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu. Sai an canza su tare.

Hotunan da za ka nema: wurin walda a wuyan firam, ƙarƙashin inda feda ke juyawa, da inda sandar sirdi ke shiga. Alminiyam in ya tsage ba irin waldar bakin titi ake masa ba, kuma ko an yi ba ya daɗewa. Ƙarfe dai a ɗinke shi. Fok mai sifirin kuwa, wato ƙarfen da ke riƙe wilin gaba, in ka ga tsatsa ko karce a sandunansa masu sheƙi, ka rage kuɗinsa daga tayinka.

Wani abu ga masu sha'awar tsofaffin Peugeot da Motobécane da suka cika gwanjon Faransa: na shekarun 1970 zaren kusoshinsu na Faransa ne, feda da akwatin tsakiya (inda feda ke juyawa) ba sa karɓar kayan da ke kasuwa yanzu. Kyau gare su, amma gyaransu ciwon kai ne.

Hajiyar Kago:

Ɗana, bari in ƙara maka ta ɓangaren gwanjon da ɗaurin kaya.

Tayi a eBay alkawari ne. In ka ci, sai ka biya, in kwana huɗu suka wuce mai kaya yana iya soke cinikin a sa wa asusunka tabo. Don haka ka gwada katinka tun yau da ƙaramin saye, ka tabbatar saƙon lambar sirri yana shigowa wayarka, kuma iyakar katin ta kai. Mafi sauƙi ma, ƙanenka ya taya da nasa asusun, tunda mai keken ya toshe masu saye daga waje, kai ka tura masa kuɗin.

Yadda tayin yake aiki: kana sa iyakar abin da za ka iya biya, na'urar ta riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan sama da na abokin takara har ta kai iyakar. Ba a nuna wa kowa iyakarka. Yuro 120 da kake gani saura kwana huɗu ba farashi ba ne, masu saye na gaske a daƙiƙun ƙarshe suke shigowa. Ka sa tayinka sau ɗaya, kusa da rufewa, da lamba mai ɗan wutsiya irin 181,50 maimakon 180. Ka lura da agogo: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba Faransa tana gabanmu da awa ɗaya, sauran shekara lokacinmu ɗaya.

In mai kaya ya ce ku fita daga shafin ka tura masa kuɗi kai tsaye zai rage maka, ka bar shi da kekensa. Kariyar mai saye tana aiki ne kawai in an biya ta cikin shafin, tana da wa'adi na kwana 30, kuma tana ƙarewa a adireshin da aka kai kayan. Da zarar ƙanenka ya miƙa shi ga mai kwantena, babu sauran ƙorafi. Shi ya sa dole ya buɗe kwalin a ranar da ya iso, ya haɗa keken, ya hau, ya gwada kowace giya. Ya kuma duba lambar shaida: tun 2021 doka a Faransa ta sa ana yi wa kekunan da shaguna ke sayarwa lamba, kuma ana iya bincika ta a intanet a ga ko na sata ne.

Wajen ɗauri, a nemi kwali a shagon kekuna, da yawa kyauta suke bayarwa. A cire feda da sifana 15, ta hagu zarenta a juye yake, ta hannun dama ake kwance ta. A kwance abin canza giya na baya a naɗe shi a ɗaure jikin firam, don ɗan ƙarfen da yake rataye a kai shi ne farkon abin da ke lanƙwashewa. A sa katako ko roba tsakanin ƙafafun fok. A cire farantan birki a sa su tsakanin kwali biyu, a kuma cusa wani abu tsakanin takalman birkin, in ba haka ba wani ya matsa hannun birki su haɗe. Ƙananan kusoshi a leda ɗaya a manne da sirdi. A ɗauki hoto kafin a rufe.

In keken lantarki ne wani ke tunani, jirgin fasinja ba ya ɗaukar batirin da ya wuce 160 Wh (ma'aunin wutar da batir ke ɗauka), na kekuna kuwa 400 ne zuwa 500.

Ɗan Bagalam:

Allah ya saka da alheri, Hajiya, da ku duka. Na tambaya, tayar 559 ce, birkin na waya ne. Wani ya ce in sa ƙanena ya rubuta yuro 50 a takarda, ko in turo shi Kano in ɗauko ta Jibiya. Yaya kuka gani?

Mai Lissafi:

Duka biyun ba su yi ba, Malam. Jami'in duwan ba dole ne ya yarda da takardarka ba. In farashin bai yi kama da kayan ba zai sa nasa ƙiyasin, ga tara a kai, keken kuma yana sito kuɗin ajiya yana hawa kullum. Sannan in kwalin ya ɓace, abin da aka rubuta shi za a biya ka. Ka buga shafin gwanjon da shaidar biya da takardar mai ɗauko kaya, ka ba tiranzite, ka karɓi rasit ɗin duwan na asali ka ajiye, don ana iya tambayarka shi a shingayen hanyar Dosso da Ƙonni.

Ta Kano kuwa sau biyu za ka biya. Kwastan na Najeriya su karɓi nasu, ka zo Ɗan Issa a sake karɓa, don keken ba ƙirar Najeriya ba ne. In har za ka je Kano ko Katsina, gara ka zaɓi ɗan Beljiyam a can da idonka, ka hau shi kafin ka biya.

Bakaniken Mokoyo:

Da 559 da birkin waya keken ya yi. Ni dai ban ga laifin haɗaka ba in ba gaggawa kake ba. Ƙanenka ya fara karɓo farashin kwantena a rubuce, ka cire shi da kuɗin aike na cikin Faransa daga yuro 315 ɗin nan, ka rage wajen 40 na sarƙa, wayoyin birki da ɗan ƙarfen rataye giya na ajiya, wanda kowane firam da irin nasa. Abin da ya saura ka taya. In ya iso ka kawo shi a wanke boris a sa sabon giris kafin ka fara hawa, na Turai ba a shirya shi don ƙurar hunturu ba.