Wai mene ne "spoiler" da Hausa? Jama'a a taimaka

Salamu alaikum jama'a. Akwai wata kalma da ta addabe mu a duk inda ake hirar fim yanzu, wato spoiler, wasu su rubuta sifoila wasu sufoila, kowa da yadda bakinsa ya kama. Ga wanda bai sani ba, ita ce mutum ya riga ka kallon fim sai ya zo ya faɗa maka yadda aka ƙare, ko wa ya mutu, ko wa ya auri wa, ko ya ce ashe kawun nan da ake ta tausayi shi ne mugun, alhali kai ko rabi ba ka kai ba. So nake mu samo mata suna da Hausa, irin wanda zan faɗa a gaban Inna ta gane ba sai na tsaya dogon bayani ba.

Kuma dan Allah kar wani ya ce ba za a iya ba. Yau wa yake cewa sizin in yana maganar shirin Arewa24 ko na YouTube? Zango ake cewa, zango na ɗaya zango na biyu, shiri mai dogon zango, har yaro ɗan firamare ya sani. Muna da jarumi da jaruma, muna da mai ba da umarni kusa da darakta, muna da sharhi, muna da tallar fim. Iyayenmu ma har 'yan fim ɗin Indiya sai da suka raɗa wa suna, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. To wannan 'yar kalmar ce za ta gagare mu?

Sharaɗina dai kalmar ta zauna a wuri uku. Ta zauna a gargaɗi, irin wanda ake sa wa a saman rubutu kafin a fara sharhi. Ta zauna a hani, in ce wa mutum kar ka yi min kaza. Sannan a iya kiran mai halin da ita. In ta faɗi a ɗaya ta faɗi. Bismillah.

Wani daga Zariya:
Ɗan uwa ai abin a fili yake, ɓata labari. Ita kalmar a Turancin ma daga ɓatawa ta fito. Shi ke nan an wuce wajen.

Mai tambaya:
Na gode Malam, amma ni in ka ce min wane ya ɓata labari abin da zai zo min shi ne bai iya ba da labari ba, ya kwaɓa, ya sa farko a ƙarshe. Ko kuma marubucin fim ɗin ne ya ɓata shi, kamar yadda muke cewa sun ɓata labarin a zango na uku saboda jan rai. Shi kuwa wanda muke magana a kai bai ɓata komai a labarin ba, daidai ya faɗa, gaskiyar tasa ce ma ta jawo matsalar.

Wata daga Kaduna:
Yaya ni dai rage armashi nake cewa, ko kashe armashi. Wallahi ƙawata ta kashe min armashin wani fim ɗin Koriya da nake bi, ina kashi na huɗu ta turo min hoton kabarin jarumin da alamar kuka, wai ta ɗauka na gama.

Mai tambaya:
Ƙanwata Allah ya ba ki haƙuri, wannan kam an cuce ki. Kashe armashi tana da daɗi a baki, matsalarta faɗi. Ɗauke wuta ana tsakiyar kallo kashe armashi ne, data ta ƙare kashe armashi ne, tallar maganin basir ta faɗo ana tsakiyar kuka kashe armashi ne. Tana faɗar abin da ya same ki, ba ta faɗar abin da ƙawar taki ta aikata.

Wani dattijo daga Fagge:
Yarana ku bari in sa baki. Dalilin da ya sa kuka nemi kalmar kuka rasa shi ne a zamaninmu wannan abin ba laifi ba ne, gwaninta ce. Lokacin da muke zuwa gidajen siliman Kano, Plaza da Orion da Marhaba da El Dorado, ba kowa ke da kuɗin tikiti ba, ba kowa ake bari ya je ba, mata kam ba a ma maganarsu. To wanda ya je shi zai dawo washegari a zauna a dakali ya ba da fim ɗin tun daga rubutun farko har mutuwar bos, yana yi yana kwaikwayon faɗan, har waƙar sai ya rera da Indiyancinsa na ƙarya. Akwai waɗanda an san su da wannan, in sun fara ba mai tashi. Kuma jin labarin ba ya hana ka zuwa, shi ma yake tura ka, ka je ka ga wajen da aka ce jarumin ya diro daga kan jirgin ƙasa. A cikin silimar ma da yake ba jin yaren muke ba, neman wanda ya taɓa kallo ake a zauna kusa da shi, yana cewa ka ga wannan, ƙaninsa ne da ya ɓata tun suna yara, sai a ƙarshe za su gane juna. Godiya muke masa, wani har gyaɗa yake saya masa. Ku duba tatsuniya ma, wa bai san yadda Gizo zai ƙare ba? Amma kullum a ce ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta.

Mai tambaya:
Baba Allah ya ƙara girma, wallahi ka buɗe min ido. Kenan laifin ne sabo shi ya sa ba shi da suna. Kuma in an duba haka ne, tun daga 1990 da aka yi fim ɗin Hausa na Turmin Danya har zamanin kaset da sidi, gida guda ake taruwa a kalla tare a tashi tare, wanda aka bari a baya shi ne wanda aka aika. Yanzu kowa da wayarsa, ana sakin kashi da daddare wani ya kalla a take, wani sai ya samu wuta ya yi caji, wani sai ya jira datar tsakar dare, wani sai ya je wajen masu turawa a mimori bayan kwana biyu. Wannan tazarar ita ce ta haifi rigimar. Sannan su ma finafinan sun canza, shiri mai dogon zango da jan rai yake rayuwa, in ka san abin da zai faru mako mai zuwa rabin kuɗin datarka ya tafi a banza.

Wani daga Maraɗi:
Gaisuwa ga Baba. Mu nan masu Faransanci ma spoiler ɗin suka ɗauka, amma mutanen Kebek na ƙasar Kanada sunka ƙi, sunka haɗa kalmar bayyanawa da ta ɓatawa sunka samu divulgâcher, har ta shiga ƙamus ɗin Larousse na 2020. Sai dai gaskiya ban ji samari na faɗinta ba a fada, spoiler ɗin dai suka cewa. Ku yi hankali kar ku ƙera wadda za ta zamna cikin littafi kawai.

Wani ɗalibi da ya yi karatu a Sudan:
Larabawa ƙonawa suke cewa, wane ya ƙona min fim. Me zai hana mu ara?

Mai tambaya:
Ustaz a Kano in ka ce an ƙona fim za a tambaye ka su wa suka ƙona, a ina, kaset nawa. Bar wannan. Amma maganar ɗan uwanmu na Maraɗi ita ce magana, mu daina ƙira, mu duba abin da yake bakin mutane tun asali.

Wata Hajiya daga Katsina:
To ai in na baki ake nema ga riga malam masallaci nan, ga azarɓaɓi, ga kwarmato, ga tona asiri. Ni da jikokina in ɗaya ya fara cewa nake kai ka cika kwarmato.

Wani daga Jos:
Hajiya da girmanki, ni fasa ƙwai nake gani. Kar ka fasa min ƙwai. Kowa ya san ta, 'yan jarida kullum sai sun rubuta wane ya fasa ƙwai.

Mai tambaya:
Yawwa, yanzu aka zo wajen. Bari in bi na Hajiya tukuna. Riga malam masallaci ta dace da ma'ana sosai don shi darakta yana da lokacin da ya tsara zai nuna maka abin, kai ka riga shi, amma ta yi tsawo, ba wanda zai rubuta hattara akwai riga malam masallaci a ƙasa. Azarɓaɓi hali ne, mutum zai yi azarɓaɓi a cin abinci ma. Tona asiri ta yi nauyi, kamar an kama wani da abin kunya. Kwarmato kuma ina sonta wajen kiran mutum, sai dai kwarmato da hayaniya yake tafiya, shi kuwa mai wannan halin wani lokaci a hankali zai raɗa maka a kunne yana murmushi.

Fasa ƙwai kuwa ku gwada ta. Hattara, akwai fasa ƙwai a wannan sharhin. Ta zauna. Dan Allah kar ki fasa min ƙwai ban kalla ba. Ta zauna. Rabu da shi, sarkin fasa ƙwai ne. Ta zauna. Kuma abin da ya fi burge ni, ƙwai in ya fashe ba ya komawa, haka in an faɗa maka wa ya yi kisan ba yadda za ka yi ka mance, ko shekara ka bari kafin ka kalla yana nan a ranka.

Wani daga Zariya:
Ban ƙi ba, amma fasa ƙwai a jarida ai fallasa ce, ɗan siyasa ya tona abin da aka ɓoye. Ba za a rikice ba?

Mai tambaya:
Malam zango ma ai na matafiya ne da fatake, da aka kawo shi fim wa ya rikice? Kashi ma ma'anarsa nawa? Zancen da ake yi shi ke raba gardama. In ana hirar fim aka ce an fasa ƙwai ba wanda zai ɗauka majalisa ake nufi.

Wata daga Kaduna:
To Yaya sai yaushe ƙwai yake daina zama ƙwai? Don ka ga fim ɗin Indiya na Baahubali, na farko ya fito 2015 aka ƙare da cewa Kattappa ne ya kashe Baahubalin, duniya ta zauna tana tambayar dalili har sai da na biyu ya fito 2017. Yanzu in na faɗi dalilin na fasa ƙwai kenan?

Wani daga Jos:
Ke ai ga shi kin fasa rabi, ni ƙanena bai kalla ba yana karantawa a bayana.

Mai tambaya:
Ƙanen naka ya makara, fim ɗin da har fassararsa ta Hausa ta tsufa a wayoyin mutane. A ganina shiri mai fita mako-mako a ba mutane har kashi na gaba ya fito, daga nan wanda bai kalla ba shi ya so. Fim guda kuma sabo a ɗaga ƙafa kamar wata ɗaya, in za ka yi sharhi kafin nan ka rubuta akwai fasa ƙwai a layin farko, ka bar fili, sannan ka zuba. Masu saka guntun bidiyo a TikTok da masu tashoshin YouTube da suke rubuta ƙarshen labari ɓaro-ɓaro a kan hoton gaba, wai kalli yadda wance ta mutu, ku kam ba kalma kuke buƙata ba, ku ji tsoron Allah kawai.

Wani dattijo daga Fagge:
Na yarda da fasa ƙwai. Amma ni in na kalla sai na ba da labari, wanda ba ya so ya tashi daga dakalin.

Wata Hajiya daga Katsina:
Alhaji ai kai an yafe maka. Ku kuma yara tunda kun gama da wannan, ku nemo mana sunan abin nan da suke yi na yanke shiri daidai lokacin da aka buɗe ƙofa ba a nuna wanda ya shigo ba, don ni hawan jinina ba ya son sa.