Neman taimako: me ake ce wa "sitoribod" da Hausa? Ranar Asabar zan shiga iska

Yar Rediyo: Salamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah a agaza min, ina da shiri ranar Asabar da daddare kan tsofaffin finafinai, wannan makon Psycho na Alfred Hitchcock na ɗauko, na 1960 ɗin nan, kuma ogana ya ce kar ya ji turanci a bakina in ba sunan mutum ba. Mai ba da umarni da mai ɗaukar hoto duk ba matsala, John L. Russell ne ya riƙe kyamara, Joseph Stefano ya rubuta labarin daga littafin Robert Bloch. Inda na maƙale wajen Saul Bass ne. Shi ya zana fitowar da aka kashe wata mata tana wanka a banɗaki a takarda tun kafin a kunna kyamara, hoto bayan hoto, nan wuƙa ta ɗago, nan ruwa na zuba, nan ido. Abin da suke ce wa sitoribod kenan. Sai kuma saspens shi kansa. Juma'a kafin masallaci zan miƙa rubutun.

Dan Fagge: Zanen labari. An gama.

Maman Ummi: Saspens ai zullumi ne ko fargaba. Ni dai zullumi zan ce.

Mai Kyamara: Fargaba ba ta yi ba Hajiya, ta fi kusa da tsoro. Shi Hitchcock da kansa ya bambance su da misalin bam a ƙarƙashin tebur, in mutane na hira bam ya tashi ba wanda ya san da shi wannan ba-zata ce, sakan kaɗan an wuce wajen. In kuwa an nuna wa mai kallo bam ɗin da agogonsa su kuma suna ta surutunsu ba su sani ba, kai kana kan kujera hanjinka na kaɗawa, to shi ne abin. Zullumi ya fi kama shi don zullumi sai da jira.

Yar Rediyo: Madalla, zullumi ya zauna. Saura zanen.

Malamin Hausa: A dakata tukuna. "Zanen labari" ba kalma ba ce, bayani ne, kowane littafin firamare mai hotuna ma zanen labari ne. Na jima ina ba ɗalibaina shawarar ZAYYANAU. Daga zayyana, a ƙirar fiddau da gagarau. Duk wanda ya taɓa ganin allon zayyana na mai saukar karatu ya san ma'anar, allo ne da aka tsara shi gida-gida da tawada kala-kala, ga shi kuma zayyana labari na nufin kawo shi dalla-dalla. Kalma ɗaya ta haɗa zane da labari, me ake nema kuma?

Dan Fagge: Allah gafarta Malam zayyanau ai kamar sunan maganin basir 😂

Malamin Hausa: Da irin wannan dariyar aka kashe mana kalmomi da yawa. Ku kuna lokeshan kuna kwantiniti kuna sin, ko kunya babu. Ita "fim" ɗin ma da za a bi ta tawa majigi za a ce.

Mai Kyamara: Malam da girmanka, majigi fa ita ma aro ce. Daga sunan fitilar haska hoto ta Turawa ta fito, lokacin da ake yawo da mota gari-gari ana haska wa mutane hoto a fili. Tsufa kawai ta yi a bakinmu har muka manta baƙuwa ce. Yanzu in Yar Rediyo ta ce majigin Hitchcock masu sauraro za su ɗauka na koyar da noman gyaɗa ne.

Malamin Hausa: Baƙon da ya shekara kusan ɗari a gida ya zama ɗan gari. Sitoribod jiya ya sauka a tasha.

Dan Damagaram: Ku dai mutanen Kano kullum haka kuke, ku aro turanci ku murɗe shi ku ce Hausa ce, in mu muka ce montaj ku ce faransanci ne ba Hausa ba. Mu nan in ka ce edita wani zai ɗauka na jarida kake nufi.

Dan Fagge: To ai mu tace hoto muke rubutawa a ƙarshen fim, ba edita ba.

Yar Rediyo: Wayyo ka tuno min, wannan ma matsala ce. Na rubuta George Tomasini ne ya tace fim ɗin, abokiyar aikina ta karanta ta ce wai shi ne shugaban hukumar tace finafinai ta Amurka? Don a Kano in ka ce tace fim hankalin kowa hukuma yake tafiya. Ga shi kuma a labarin nan akwai masu tacewar na gaske da suka tsaya masa kan batun tsiraici a fitowar wankan.

Mai Kyamara: Ce mai yanka da haɗa hoto ƙanwata. Kuma ki tsaya a kansa sosai don a wajen nan aikinsa ne rabin tsoron. Mako guda aka kwashe ana ɗaukar fitowar banɗakin kawai, a Disambar 1959, an girka kyamara a kusurwa 78, an yanka hoton sau 52, duk don abin da bai wuce mintuna uku ba. In kika tsayar da hoton kina bi ɗaya-ɗaya za ki ga ba wani rauni aka nuna ba, yankan ne yake sa ƙwaƙwalwarki ta ƙarasa sukar da kanta. Jinin ruwan cakulan ne tunda fim ɗin baƙi da fari ne ba mai ganewa, ƙarar sukar kuma wani ɗan uwan kankana aka dinga caka wa wuƙa. Sai kiɗan Bernard Herrmann da ya yi da kayan tsirkiya zalla dangin goge, alhali da farko Hitchcock cewa ya yi ba ya son kiɗa a wajen kwata-kwata, sai da ya ji ya sauko.

Maman Ummi: Kankana?? Shi kenan kun ɓata min ita.

Malamin Hausa: Duk wannan bayanin ya ƙara nuna zayyanau ce daidai. Kusurwa 78 ba a kai ake riƙe su ba sai an zayyana.

Dan Damagaram: Taswirar ɗauka fa? Tunda aikinta nuna wa mai kyamara hanya.

Mai Kyamara: Wannan ta yi min wallahi, don abin ba don mai kallo aka yi shi ba, don ma'aikata ne. Amma Yar Rediyo ki yi hattara da abu ɗaya, ko wacce kika ɗauka kar ki ce Saul Bass ne ya "tsara" fitowar ki yi shiru. Daga baya shi Bass ya fito ya ce shi ya ba da umarni a wajen, Janet Leigh da ta fito a matar da aka kashe a banɗakin ta ƙaryata, mataimakin darakta Hilton Green ma haka, suka ce Hitchcock ne a tsaye. In kika ce tsara kin yanke shari'ar da ba a kawo miki ba. Ce ya zana.

Malamin Hausa: Taswira Larabci ce.

Dan Damagaram: Zayyana fa Malam? Daga Katsina ta zo?

Dan Fagge: 😂😂 an zo wajen

Malamin Hausa: Ban ce ba ta da asali da Larabci ba. Cewa na yi ƙirar kalmar tawa ta Hausa ce. Kuma ni ba neman suna nake ba, harshen nake ji wa, shekara nawa muna koyarwa amma sai wanda ya riƙe kyamara wata shida ya zo ya gyara mana.

Mai Kyamara: Allah ya huci zuciyar Malam, shekara 14 ne dai ba wata shida ba. Ba raini ba ne, ni dai na san in na je wajen ɗauka na ce a miƙo min zayyanau, yaron da ke riƙe fitila kallona kawai zai yi. Mu a nan ma ba kasafai ake zanen ba, darakta ne zai ce tsaya nan, juyo nan, ina kuɗin biyan mai zane. Shi kansa Hitchcock tsimi ya yi a fim ɗin nan, kamfanin finafinai na Paramount sun ƙi zuba kuɗi ya ɗauki nauyi da kansa, wajen dala dubu 800, ya kwaso ma'aikatan shirinsa na talabijin don sun saba aiki da sauri.

Yar Rediyo: To jama'a dare ya yi kuma ban rubuta rabin shirin ba. Ga yadda zan yi, karon farko zan ce "taswirar ɗauka, wato zanen da ake yi wa kowane hoto kafin a ɗauke shi", daga nan in ci gaba da taswira kawai. Zullumi ya shiga, mai yanka da haɗa hoto ya shiga duk da tsawonsa na cinye min numfashi. Malam a yi min afuwa, zan ambaci zayyanau sau ɗaya in ce wasu malamai haka suke kiransa.

Malamin Hausa: Ba wasu malamai ba, malami ɗaya ne, kuma ba sai kin ambata ba. Ki dai ja wasalin ƙarshe na ɗauka yadda ya kamata kar a ji kamar umarni kike bayarwa.

Maman Ummi: Ni tambayata, muryar tsohuwar nan uwar Norman mai masaukin da aka yi kisan, me ake ce wa wanda ya yi ta? Na ji ba Anthony Perkins da ya fito a Norman ɗin ba ne.

Mai Kyamara: Mutum uku ne ma aka gauraya muryoyinsu, ɗaya namiji. Mai aron murya?

Dan Damagaram: Waye ya ara, waye aka ara wa?

Yar Rediyo: Don Allah kar ku fara. Na cire uwar daga shirin.