Tambaya: Ina ake samun hanyoyin burji marasa motoci don hawan keke a kewayen Jos?

Sabon Mahayi, Abuja

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina zaune a Abuja, kuma na sayi keken gwanjo irin wanda aka ƙera don hanyar burji da tsakuwa, wato mai lanƙwasasshen kai kamar na tsere amma tayarsa ta fi ta keken tsere kauri. Wurin aiki za su tura ni Jos na wasu watanni, shi ya sa nake neman shawarar mazauna garin kafin na ɗora keken a mota. Abin da nake so shi ne hanyar da ta ratsa tuddai da itatuwa, wadda mutum zai yi tafiyar awa biyu ko uku ba tare da tirela ko tifa ta tura shi kwata ba. Shin akwai irin wannan hanya a kusa da gari? Tayata mai faɗin milimita 38 za ta wadatar, ko sai na canza? Sannan wane lokaci na shekara ne ya fi dacewa?

Tsohon Ɗan Tsere, Bukuru

Wa alaikumus salam, ƙanena. Gara ka san gaskiya tun kafin ka taso: babu wata hanya a Jos da hukuma ta keɓe wa masu keke ta hana ababen hawa shiga, kamar yadda ake yi a Ingila ko Amurka, inda ake ɗauke tsohon layin dogo a zuba tsakuwa a bar wa masu keke da masu tafiya a ƙasa. Mu ma muna da tsohon layin da ya mutu, wato ƙaramin jirgin da ya haɗa Zariya da Jos a 1914 aka rufe shi a 1957, amma ba a mayar da shi hanyar keke ba.

Abin da muke da shi gadon haƙar kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka yi ta fasa hanyoyi zuwa wuraren haƙa a tsakanin Rayfield, Bukuru, Kuru da Barikin Ladi, kuma da harkar ta durƙushe sai hanyoyin suka zama na manoma da makiyaya. Ƙasarsu ja ce mai marmara, idan ta bushe tana da tauri, kuma keke irin naka yana gudu a kanta yadda ya kamata. Mota ba ta cika bi ba, amma kada ka ɗauka hanyar taka ce kai kaɗai, domin za ka haɗu da babur ɗauke da buhunan dankali, da garken shanu, wani lokaci da tifar yashi a kusa da rafi.

Batun daji kuwa, ka rage buri. Tudun Jos fili ne na ciyawa da duwatsu, ba kurmi ba. Itatuwan da za ka fi gani su ne na turare, waɗanda aka shuka da yawa a filayen da haƙar kuza ta lalata, sai kuma ƙananan kurame a cikin kwari da bakin rafuka. Kurmi mai duhu sai ka nufi gefen da tudun ya gangara, wajen Hawan Kibo da ruwan Assop, kuma hanyar da za ta kai ka can babban titi ne na manyan motoci, wanda shi ne ainihin abin da kake gudu.

Idan tuddai kake so, ka nufi gabashin gari ta Lamingo zuwa gindin duwatsun Shere. Garin Jos kansa yana kan tsayin da ya haura mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuma ta kai kusan mita 1,829, don haka wanda ya saba da Abuja zai ji numfashinsa ya ɗan yi nauyi a hawan farko. Ka fara da hanyoyin kudu, wato na wajen Rayfield da Bukuru, masu sauƙin hawa, ka bar Shere sai ƙafafunka sun saba.

Mai Gyaran Keke, Jos ta Arewa

Malam, Baba ya gama bayanin hanya, ni kuma zan tsaya a kan keken, domin abin da ake kawo mini shago shi ne ke nuna inda matsalar take.

Taya mai milimita 38 za ta yi maka aiki a hanyoyin Rayfield da Bukuru lokacin rani, amma a wajen Shere, inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar duwatsu a fili, za ta wahalar da hannunka da bayanka. Idan jikin keken yana da sarari, ka saka mai milimita 42 zuwa 45. Kuskuren da mutanen kwalta suka fi yi shi ne cika taya da iska har ta yi tauri, suna ganin haka ne zai sa ta gudu. A kan tsakuwa akasin haka ne, domin taya mai tauri tsalle take yi maimakon ta kama ƙasa, kuma a kwana sai ta zame. Ga mutum matsakaicin nauyi, iskar da ta kai PSI 30 zuwa 40 a ma'aunin famfo ta isa, ta gaba kuma ta ɗan fi ta baya laushi. Sai dai idan da tib a ciki kada ka rage iskar da yawa, saboda idan ka daki dutse bakin wili zai cije tib ɗin ya yi masa huda biyu a jere, waɗanda faci ɗaya ba ya rufewa da kyau.

Wannan ne ya sa nake ba da shawarar taya marar tib, wadda ake zuba wa ruwan toshe huda a ciki. Ƙaya ta cika hanyoyin ƙauye, musamman inda aka kewaye gonaki da shingen ƙyarana, kuma ruwan yana toshe ƙaramar huda kana cikin tafiya. Amma ka taho da ruwan daga Abuja, domin ba kowane shago ne ke ajiye shi ba, kuma yana bushewa a cikin taya bayan 'yan watanni, da sauri ma lokacin hunturu. Duk da haka ka riƙe tib ɗaya, da famfo, da kayan faci a jaka.

Abu na biyu shi ne giya. Ka ƙirga haƙoran faifan gaba da na babban faifan baya, wato faya-fayan da sarƙa ke hawa. Idan na gaba 40 ne na baya 42, kana da giyar da za ta hau da kai tudu kana zaune a sirdi. Idan kuwa babban na baya bai wuce 32 ba, to za ka riƙa sauka kana turawa, domin a kan tsakuwa ba a miƙewa tsaye a taka feda, tayar baya sai ta yi ta juyawa a wuri ɗaya. Ƙurar jar ƙasa kuma tana cin sarƙa kamar yadda gara ke cin katako, saboda haka ka goge ta bayan kowace fita, kuma kada ka shafa mata baƙin man mota, ƙura yake tarawa.

Malamar Makaranta, Rayfield

Ina neman afuwar Baba, amma ban yarda a tura baƙo bayan gari da bayanin hanya kawai ba. Kowa ya san wasu yankunan ƙananan hukumomin Barikin Ladi, Riyom da Bassa sun sha fama da rikici, kuma yanayin wuri yana iya canzawa cikin mako guda. Ɗan'uwa, kada ka fita kai kaɗai a farko, kada ka yarda magariba ta same ka a daji, kuma kafin ka ratsa ƙauyen da ba a san ka ba ka tsaya ka gaida dattawa ka faɗi inda ka nufa. Mutum sanye da hular kwano da baƙin tabarau, yana ɗaukar hoto a bakin gonar mutane, dole ya jawo tambaya. Gaisuwa da Hausa tana wadatarwa a kusan ko'ina a nan, ko a ƙauyukan Birom ko na Afizere.

Haka nan kududdufan kuza da za ka gani a gefen hanya, masu ruwa shuɗi ko kore, suna da zurfi ƙwarai kuma gefensu yana zabtarewa, sun ci rayuka da dama. Akwai kuma ramukan masu haƙa da hannu waɗanda ciyawa ke rufewa da damina, don haka kada ka bar sawun hanya ka yanke ta cikin fili.

Game da lokaci, ni na fi son ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke, ƙasa ta daskare, ciyawa kuma ba ta gama bushewa ba. Yuli da Agusta ruwa ne kusan kullum, jar laka tana liƙewa a taya har wili ya daina juyawa, ga tsawa a kan tudu inda babu mafaka. Disamba da Janairu hanya tana da kyau, amma sanyin safiyar Jos ba irin na Abuja ba ne, sai da safar hannu da rigar iska.

Tsohon Ɗan Tsere, Bukuru

Malama ta yi gaskiya, kuma na karɓi gyaran. Abu ɗaya zan ƙara wa maganar mai gyara: gangara ta fi hawa haɗari a kan wannan keken, tun da ba shi da abin shanye gargada kamar keken hawan dutse. Idan za ka sauko daga gefen Shere, ka riƙe ƙasan lanƙwasar kan keken, ka ja jikinka baya, ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, domin matse birkin gaba a tsakiyar kwana kan tsakuwa shi ne ke kayar da mutane.

Sabon Mahayi, Abuja

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ƙirga haƙoran kamar yadda aka ce, babban faifan baya 34 ne, ƙaramin na gaba kuma 30, domin keken mai faifai biyu ne a gaba. Malam mai gyara, shin wannan zai hau Shere, ko har yanzu sai na canza?

Mai Gyaran Keke, Jos ta Arewa

Zai hau, Malam, domin 30 a gaba da 34 a baya ya ma fi wanda na ambata sauƙin takawa. Ka bar giyar yadda take, kuɗin ka kashe shi a kan taya, sannan ka sa a duba maka takalman birki kafin ka taso.