Takardar likita ce ko takardar lalaci?

Wannan gardama ta ɓarke ne a zauren zumuncin gidanmu na WhatsApp, bayan La'asar ɗin wata Talata. Sai da na nemi izininsu kafin na kawo ta nan, kuma na cire duk abin da zai nuna yaron da ake magana a kansa.

Kawu Alhaji: Assalamu alaikum. Jama'a ku taya ni ganin ikon Allah. Yaron da ke riƙe min sito a kamfanin ruwa, shekararsa uku a wurina, yau ya miƙo min wannan takardar. Wai likita ya ce ya huta sati biyu saboda ciwon damuwa. Ba zazzaɓi, ba karaya, da ƙafarsa ya zo. Na ce masa damuwa ba ciwo ba ce, kuma babu dokar da ta ce in biya mutum yana kwance a gida don ransa ba daɗi. In damuwa ce wa ya kai ni? Kuɗin dizal kaɗai ya isa ya hana mutum barci, amma kullum bakwai na safe ina Dakata.

Barista: Wa alaikumus salam. Kawu, Allah ya ƙara girma, kafin komai don Allah ka goge hoton nan. Sunansa da lambar katinsa na asibiti duk sun fito, mu kuma mun fi hamsin a zauren nan.

Kawu Alhaji: To ai gida ne.

Barista: Gidanmu ne Kawu, ba gidansa ba.

Kawu Alhaji: Na goge. Sai ki faɗa min dokar, tunda mun biya kuɗin makaranta.

Abban Khalifa: Ni dai ina bayan Kawu. Shekarata goma sha a Kwari ban taɓa jin yaron shago ya ce damuwa ta hana shi ɗaga dila ba. Wannan ciwon 'yan boko ne da masu zama a ofis mai sanyi. Ka yarda da ɗaya yau, kafin Juma'a mutum biyar sun kawo maka irinta. Kuma mu daina yaudarar kanmu, wa bai san ana samun takardar asibiti da 'yan canji a garin nan ba?

Barista: Yaya, maganarka ta ƙarshe tana da ƙamshin gaskiya, kuma doka ta riga ka tunaninta. Sashe na 16 na Dokar Ƙwadago ya ce ma'aikaci yana da haƙƙin albashinsa har na kwanakin aiki 12 a shekara in rashin lafiya ta kwantar da shi, matuƙar likita mai rajista ya tabbatar. Ba ta jera cututtuka ta ce wannan ya shiga wannan bai shiga ba. Likita ne mai cewa ciwo ne, ba ni ba, ba Kawu ba. Amma a wannan sashen dai an ba mai kamfani dama: in yana shakka, ya zaɓi likitan da ya yarda da shi ya sake duba yaron, kuma sai yaron ya amince da hakan kafin haƙƙin ya tabbata. To ga hanya nan a buɗe. Akwai sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Kawu ya zaɓa. Sannan ku lissafa, sati biyu daga Litinin zuwa Asabar kwana 12 ne cif.

Kawu Alhaji: Ai ko takardar ɗaukar aiki ban ba shi ba. Da baki muka yi.

Barista: Wannan kuma ba kariya ba ce Kawu, ƙarin laifi ne. Sashe na 7 ya ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a idon doka. Abin dariyar shi ne dokar nan ta fi kare irin yaronka, mai aikin ƙarfi da mai aikin rubuta kaya, a kan manaja ko injiniya, don su ba ta sa su cikin waɗanda take kira ma'aikata ba, sai abin da takardar aikinsu ta ce.

Hajiya Babba: Alhaji, bar ta da sashe-sashenta, ni tambaya zan yi maka. Yaron nan yana cin abinci? Yana barci? Ya kake ganinsa a 'yan watannin nan?

Kawu Alhaji: Yaya, gaskiya ya canza. Da shi ne mai ba kowa dariya a wurin lodi. Yanzu sai ya ƙirga jaka ɗari sau uku bai samu daidai ba. Rannan na shiga sito na tarar da shi zaune a kan bandir ɗin leda, shayin safe na gefensa har ya yi sanyi, ƙarfe sha ɗaya. Na yi sallama sau biyu bai ji ba. Ni na ɗauka ma ko ya fara shaye-shaye ne.

Hajiya Babba: To ka ba kanka amsa. Shekara talatin na yi ina aikin jinya, na ga irinsu ba adadi. Ba sa zuwa su ce damuwa ke damunsu. Cewa suke kaina ke ciwo, ƙirjina ya yi nauyi, jikina duk ya mutu. A yi gwajin maleriya babu, a yi na taifod babu, a ba su maganin ƙarin jini su tafi, bayan wata su dawo. Wanda ya kai ga likita ya gano ainihin abin, har ya iya kawo wa ubangidansa takardar, wallahi ya yi ƙarfin hali. Ka san abin da ake cewa da an ji mutum ya taka Dawanau. Aurensa ma sai ya iya lalacewa a kan haka. Mai neman hutun banza ba wannan takardar zai saya ba.

Auta: Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ya sa zan yi magana, ban taɓa faɗa a gidan nan ba. Kun tuna lokacin da nake aikin banki, da na yi kwana goma a gida aka ce taifod? Ba taifod ba ce. An yanka min kuɗin da zan kawo duk wata, in ban cika ba a tsayar da ni gaban kowa a taron Litinin. Daga yammacin Lahadi cikina ke fara murɗawa. Wata safiya na faka mota a bakin titi, ofis na hango shi, na kasa fita. Hannuna na kan sitiyari yana rawa, na fi awa ɗaya a haka. Likita ya gaya min abin da ke damuna, ni na roƙe shi kada ya sa sunan ciwon a takardar da zan kai ofis, na je na ce musu taifod ce. Nan da nan aka sa hannu, har da Allah ya ƙara sauƙi. Kawu, da yaron nan ya ce maka maleriya ce, da yanzu ka ba shi kuɗin allura. Gaskiyar da ya faɗa ce take neman cinye masa aiki.

Hajiya Babba: Innalillahi. Auta, shi ne ko ni ba ka gaya wa ba?

Auta: Kunya Hajiya. Da tsoron a ce imanina ne ya yi rauni.

Abban Khalifa: Allah ya ƙara lafiya ƙanina, ban sani ba. Amma ni har yanzu a nan nake ganin maganin: mutum ya riƙe azkar, ya yi tawakkali. Iyayenmu da me suka yi?

Malam Ƙarami: Yaya, azkar magani ne babu shakka, amma kada mu ɗora wa addini abin da bai ce ba. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da Yusuf ne ya sa idanunsa suka yi fari, yana nan a aya ta 84 cikin Suratu Yusuf. Wa zai ce imaninsa ne ya yi rauni? Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki a addu'arsa, kuma shi ya ce a nemi magani. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan ƙwayarsa, ba wanda ya zarge shi. Sannan akwai hadisin Abu Zarri a kan waɗanda ke ƙarƙashinmu: kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in an ɗora a taya su. Shi ya sa zan tambayi Kawu cikin ladabi, awa nawa yaron nan yake yi?

Kawu Alhaji: Su biyu ne da. Ɗayan ya tafi tun bayan Babbar Sallah, ban samu amintacce ba. Shi ke buɗewa shida na safe, shi ke rufewa in motar ƙarshe ta dawo, wani lokaci goma na dare.

Barista: Har Lahadi?

Kawu Alhaji: Ruwa ai ba ya hutun Lahadi, 'yata. Lokacin zafi ne.

Barista: To Kawu yanzu maganar ta fi ta ɗazu nauyi. Sashe na 13 ya ba ma'aikaci hutun yini guda cur, awa 24 a jere, cikin kowane kwana bakwai, da hutun awa ɗaya in aikin yini ya kai awa shida. Ga kuma hutun shekara, aƙalla kwanakin aiki shida da albashi bayan wata 12. Sai babbar: Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata, wato NSITF, ke kula da ita. Sashe na 8 nata kacokan a kan matsin ƙwaƙwalwa yake. Ta ambaci wanda wani mummunan abu ya faru da shi kwatsam a bakin aiki, ta ambaci wanda likita ya tabbatar yanayin aikin ne ya jawo masa, har ta ambaci inda mai kamfani ya sauya tsarin aiki ya jibga wa mutum abin da ya wuce iyawarsa. Aikin mutum biyu a kan mutum ɗaya wata da watanni, ka ga inda ya faɗa. Da kana biyan kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatanka ga asusun hukumar, su ne za su ɗauki nauyin diyyar, ba aljihunka ba. Kana biya?

Kawu Alhaji: Mu bar wannan.

Abban Khalifa: A'a Barista, a nan zan tsaya miki. Ku lauyoyi kuna karanto doka kamar a Landan muke. Mutum yana da ma'aikata ashirin, yana fama da dizal da kuɗin leda da masu karɓar haraji kala-kala, ribar jaka ɗaya ba ta sayen ƙosai. In yaron ya tafi sati biyu wa zai riƙe sito? A ɗauko wani a biya shi, a biya na kwance. Gwamnatin da ta rubuta dokar me ta tanadar wa ƙaramin mai sana'a? Kuma ki faɗi gaskiya, Kawu ba shi da ikon sallamar yaronsa in ya ga dama?

Barista: Nauyin da ka faɗa gaskiya ne Yaya, ba zan musa ba. Kuma e, sashe na 11 ya ce wanda ya yi shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, notis ɗin sati biyu ake ba shi. Amma kora washegarin kawo takardar likita, kowa ya san sunanta. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 shari'ar aiki ta koma hannun Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a nan Kano, kuma an ba ta ikon duba yadda ake yi a duniya, shi ya sa a shekarun nan ta sha tambayar dalilin kora. Ga kuma Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta hana a nuna wa mai wannan lalura wariya a aiki da albashi. Ban ce yaron zai kai ƙara ba, da wuya ma ya san hanyar kotun. Amma Kawu cewa ya yi babu doka, ni kuma na ce akwai.

Hajiya Babba: Ni lissafin kasuwa zan yi maka Alhaji, tunda shi kake ji. Shekara uku ko jaka ɗaya ta taɓa ɓata a hannunsa?

Kawu Alhaji: Ko leda ɗaya. Wannan kam na shaide shi.

Hajiya Babba: Kai da bakinka ka ce tun Sallah kake neman amintacce ɗaya ka rasa. Yanzu za ka nemi biyu.

Abban Khalifa: Ni tsorona kada ya dawo ya yi ta kuskuren lissafi. Mai irin wannan ciwon ana ba shi amanar kaya?

Auta: Ni nake riƙe maka littafin shago duk ƙarshen wata, Yaya.

Abban Khalifa: Kai daban.

Auta: Da me?

Kawu Alhaji: Ya isa. Ni har yanzu zuciyata ba ta gama yarda cewa wannan ciwo ne kamar sauran ciwo ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma zan kai shi wurin likitan da Yaya ta zaɓa, da motata. In ya ce haka ne, ya yi kwana 12 ɗinsa, albashinsa na nan. In ya dawo ya riƙa hutun Juma'a. Abban Khalifa, tunda kai ne mai bayana, ka aro min yaro ɗaya daga shagonka na sati biyu.

Abban Khalifa: Kawu ai ni goyon baki na yi.

Barista: Saura takardar ɗaukar aiki da rajistar NSITF. Kuma don Allah kada sauran ma'aikata su ji abin da ke damunsa, a ce ba shi da lafiya kawai.

Kawu Alhaji: Direba ya riga ya ji, a gabansa na karanta. Zan ja masa kunne. Takardun kuma ki rubuto, amma ba da kuɗin lauya ba.

Hajiya Babba: Auta, ka kira ni bayan Magariba.